Hoton Ƙirjin Gwaggo Turai

Litinin, 5 ga Agusta, 2002

Na dawo daga Gusau da hoton ƙirjin Gwaggo Turai a cikin babban ambulan, na rungume shi a mota don kada ya lanƙwashe. Hoto uku ne. Ita kuwa ƙaninta Baffa Hamisu ya wuce da ita Badarawa, ta rantse ba za ta ƙara kwana a gadon asibiti ba. Likitan da ya duba ta ya ce a kai ta Zariya a yi mata aiki, amma ƙasa yake kallo da yake faɗa. Gwaggo ta ce, “Ba ni zuwa ko'ina sai Alamin ya gani da idonai.”

Alamin ɗanta ne, likita ne, amma yana Jidda. Na same shi a tarho bayan la'asar, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Abin da na tsinta shi ne in aika masa da hotunan ta imel, manyansu, kada in rage su. Zai nuna wa babbansu a asibiti, sannan ya faɗi ko a tafi Zariya ko a'a.

Na ce masa gobe-gobe yana da su. Har da dariya na faɗa. Wa ke da modem, na'urar shiga intanet ta layin tarho, a duk faɗin Kaura in ba ni ba? Matar nan ita ta ɗauke ni ina ɗan wata bakwai da uwata ta rasu, ta haɗa ni da Alamin a nono ɗaya. Yau ga ranar da karatuna zai yi mata rana.

Talata, 6 ga Agusta

Ɗaukar hoton kaɗai ya ci mini safiya. Sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta sa a kwamfuta, ba ta ganin baƙin fim, sai da na buɗe murfinta, na shimfiɗa farar takarda a kai, na riƙe fitila daga sama har hannuna ya ƙage. A karo na tara ya fito ras, ana ganin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani fari-fari ta hagu. Ban tsaya kallonsa ba, ni ba likita ba ne.

Na buga Kaduna, wurin kamfanin da nake shiga intanet ta wajensu. Modem ya yi kukansa, ya yi tsuwwa, ya kama. Hoton farko ya fara tafiya, kashi huɗu cikin ɗari, kashi bakwai, sai ƙit, layi ya yanke. Na sake. Ya yanke. Sau goma sha ɗaya na ƙirga kafin magariba.

Laraba, 7 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ko kamawa bai yi ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na ɗaga kan tarho na saurara ba tare da na buga kowace lamba ba. Ƙara ce kawai, kamar ana suyar ƙosai a cikin kunnena. Na bi wayar da ƙafa har bayan tashar jirgin ƙasa. Wuri uku na gani inda aka murɗa ta da hannu aka naɗe da leda, kuma ledar ta tara ruwa. Da rani ba a jin komai. Yanzu damina ta tona asirin kowa.

Har da nawa asirin. Modem yana da wata dabara ta gyaran kuskure: yana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, in gunduwa ta isa can a gurɓace, na can ya ce a maimaita, na nan ya maimaita. Ni da hannuna na kashe ta bara. Dalili? Ɗaliban da ke zuwa shagona suna son su ga ya kama nan da nan, su ga babbar lamba a ƙasan allo, su fita suna cewa na Muhtari gudu gare shi. Na ji daɗin yabon, na bar shi a haka. Gajerun wasiƙu suna wucewa, wa zai gane?

Na nemo ɗan littafin da ya zo da modem ɗin a ƙarƙashin tulin takardu, gara ta ci gefensa. Na mayar da gyaran kuskure, na kuma ɗaure masa ƙafa kada ya wuce gudun dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu. Da na ga lambar a allo sai da na ji kunya, alhali ni kaɗai ne a shagon.

Juma'a, 9 ga Agusta

Layi ya daina yankewa. Na yi murna, na aika gida a ce wa matata Bara'atu ta sa nama a miya.

Murnar ba ta kai azahar ba. Yanzu ba ya yankewa, amma in hoton ya kai kamar kashi talatin sai ya tsaya cik. Fitilun modem suna nan a kunne, layi na nan a riƙe, komai lafiya a ido, amma ba abin da ke motsi. Can sai saƙo ya fito cewa na can sun gaji da jira. Na gwada kafin masallaci, na gwada bayan an sauko. Talatin da ɗaya. Ashirin da takwas. Talatin da huɗu, wannan har na miƙe tsaye, sai ya tsaya.

Da haushi ya ishe ni sai na yi abin da Alamin ya hana. Na matse hotunan suka zama 'yan mitsi-mitsi, na tura. Suka wuce sumul.

Asabar, 10 ga Agusta

Amsar Alamin layi biyu ce. “Muhtari, wannan hazo ne kawai, ba a ganin komai. Don Allah manyan.”

Abin mamaki, yau na ci tuwo da yawa, har na nemi ƙari. Bara'atu ta dube ni ta ɗauke kai.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na je Badarawa a kan babur. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya, ko'ina kore shar, ga ƙamshin ƙasa. Ban ga amfanin kyan ba.

Gwaggo tana zaune a jingine da bango, an tara mata filo biyu, don in ta kwanta numfashi ba ya fita. A mako guda wuyanta ya zama kamar ba nata ba. Ta ce in matso, ta shafa kaina, ta ce na rame. Ni! Baffa Hamisu ya ja ni zaure.

“Kai Muhtari, wanga inji naku mi yaka jira? Kwana shida hwa. In Zariya za mu, mu tahi tun tana iya zama mota.”

Na shiga yi masa bayanin layi da ruwan sama da gunduwa-gunduwa. Yana kallona kamar mai sauraron mahaukaci. Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ɗaga 'yar muryarta: “Ka ƙyale shi, Hamisu. Shi ya san aikinai.”

Ko furar da aka dama mini ban shanye ba. Na ce zan koma in gwada kafin hadari ya taso. Gaskiya ba hadari nake gudu ba, tarin nan ne ba na iya ji.

Litinin, 12 ga Agusta

Ashirin da tara. Talatin. Ashirin da shida. Wani ɗalibi ya shigo yana so a buga masa takarda, na daka masa tsawa a kan ba komai. Allah ya yafe mini.

Talata, 13 ga Agusta

Na sauke girman kai, na zuba hotunan a faifan fulofi uku na tafi Gusau, wurin masu shagon intanet da na daɗe ina cewa ba su san komai ba. Na tarar da ƙofa a rufe. Mai shayin da ke gefe ya ce tsawa ta faɗa musu ranar Laraba, ta ƙone kayansu ƙurmus. Na tsaya a bakin titi da faifai a aljihu, ban san abin da nake ji ba.

Da na dawo na ba Bara'atu labari, ta ce, “To, Baban Hafsat, motar Kano ba ta ƙare ba tasha.” Na ce mata Kano ba nan kusa ba ce, kuma na kusa gano matsalar. Ƙarya nake yi, ban gano komai ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Laraba, 14 ga Agusta

Malam Dauda ya zo fakewa ruwa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekara talatin yana ba jirgi hannu a tashar nan, yanzu ba shi da aiki sai zaga shagunan mutane yana gyara musu magana. Kullum in na hango shi raina yake ɓaci. Ya zauna a benci yana kallona ina fama, ya ce in faɗa masa abin da ke faruwa. Don in rabu da shi na faɗa: kwamfuta tana zuba wa modem saƙo da gudu, shi kuma modem yana fitarwa a hankali, ga shi yana tsayawa maimaita abin da ya lalace a hanya.

Ya ce, “Mu can reluwe ba a sakin jirgi sai tashar gaba ta ce hanya ta buɗe. To shi wanga akwatin naka, in ya cika, da mi yaka hwaɗa ma kwamfuta ta dakata?”

Na buɗe baki zan yi masa rashin kunya, sai na fasa.

Akwai abin da yake faɗa mata da shi. Wayoyi biyu ne a cikin kebul ɗin da ya haɗa su, aikinsu ke nan, ɗaya ta ce dakata, ɗaya ta ce ci gaba. In babu su, kwamfuta za ta yi ta zubawa, abin da ya fi ƙarfin cikin modem ya zube a banza. Kuma na tuna da bazara ɓera ya cinye kebul ɗin nan, na kai wa Gado mai gyaran rediyo ya haɗa. Da na dawo da shi kwamfuta ta ƙi magana da modem, na yi ta kashe abubuwa a saiti ɗaya bayan ɗaya har ta yarda. Cikin abin da na kashe har da wannan na dakata da ci gaba. Na ma yi wa kaina kirari a ranar.

Na ɗauko reza na yanke salatef ɗin da Gado ya naɗe kebul ɗin da shi. Waya tara ce a ciki. Uku aka liƙe da dalma, shida an guntule su an tura gefe.

Na ruga wurin Gado cikin ruwa da kebul a hannu. Ko gezau bai yi ba. “Ukun ga su ka aiki, na auna da mita. Sauran shidan ado na, Turawa sunka sa.” Na so in shaƙe shi, amma da wane baki? Shi rediyo ya sani. Ni da na yi shekara huɗu ina karanta abin fa? Na ce ya haɗa sauran, ya duba ya ce ya datse su gajeru ƙwarai, sun shige cikin kan, ba su kamuwa.

Na koma shago na tarar Malam Dauda ya tafi, ya ja mini ƙofa don kada feshi ya shiga. Ko godiya ban yi masa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na zaga Kaura kaf babu mai irin kebul ɗin. Sai na tuna da Bilyaminu, abokin karatuna da ke koyarwa a Zurmi. An ba makarantarsu kwamfuta da modem tun bara, ga shi ko layin tarho ba su da shi, kayan na nan a kwali. Hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka ina tura babur. Bilyaminu ya nemi izinin shugabansu, ya ciro kebul ɗin sabo fil a ledarsa, ya ce in riƙe har in gama. Ya tambayi jikin Gwaggo, na ce da sauƙi.

Na iso gida da la'asar sakaliya. Na gaji. Gobe.

Juma'a, 16 ga Agusta

Juma'a ce, shago ya cika da masu buga takardu. Ban samu sarari ba.

Asabar, 17 ga Agusta

An ɗauke wuta. Janareta lafiyarsa lau, akwai mai a ciki. Na share shago, na goge allon kwamfuta, na jera takardu. Kebul yana cikin aljihun tebur a ledarsa. Sau uku na jawo aljihun na mayar.

Baffa Hamisu ya aiko direban motar Shinkafi ya tambaya ko akwai labari. Na ce a ce masa ana kai.

Lahadi, 18 ga Agusta

Bara'atu ba ta taɓa zuwa shagona ba sai yau. Ta kawo mini abincin rana da kanta, ta ajiye, ba ta zauna ba. Ta jawo aljihun tebur kamar wadda aka faɗa wa inda yake, ta ɗauko kebul ta ɗora a gabana.

“Kwana ukku ke nan shina nan. Baban Hafsat, ba inji ya hana ba. Tsoron abin da Yaya Alamin za ya ce kaka yi.”

Na ce ta fita mini daga shago, me ta sani a kan na'ura? Na faɗi maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ta tsaya har na gama, sannan ta ce, “Kai kana da lokacin tsoro. Gwaggo ba ta da shi.” Ta ja mayafinta ta tafi.

Gaskiya ta faɗa. Bari in rubuta ko sau ɗaya ne, tunda ba mai karantawa. Duk ranar da hoton nan ya tsaya a kashi talatin, raina yana ɓaci, amma can ƙasan cikina wani abu yana kwantawa. Muddin bai isa ba, ba wanda ya ce komai, Gwaggo tana tari ne kawai. Na ga farin nan na hagu tun ranar farko. Na ga yadda likitan Gusau ya kalli ƙasa. Da na so, da tun ranar Talata ina Kano. Kwana goma sha uku na cinye mata, ina fakewa da ɓera da ruwan sama da Gado. In akwai abin da za a iya yi a Zariya a makon farko, ni na hana. Wayyo Allah, ni na hana.

Abincin yana nan yadda ta ajiye shi.

Litinin, 19 ga Agusta

Daga masallacin asuba shago na wuce. Na cire tsohon kebul, na sa na Bilyaminu, na ɗaure kusoshinsa biyu. Na shiga saiti na kunna dakata da ci gaba ta waya. Gyaran kuskure na nan a kunne, gudu na nan a ɗaure. Duka aikin bai kai minti biyar ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na buga, ya kama. Akwai wata 'yar fitila a gaban modem da ban taɓa ganin ta yi komai ba. Yau sai ga ta tana mutuwa tana kamawa, tana mutuwa tana kamawa, wato yana ce wa kwamfuta ta dakata, sannan ya ce ta ci gaba. Ashirin. Talatin. Na riƙe bakin tebur. Talatin da biyar, arba'in. A wajen sittin aka fara yayyafi, tafiyar ta ragu sosai, amma ba ta tsaya ba. Hannuna ya kai kan wayar tarho, wallahi saura kaɗan in fizge ta daga bango. Na zauna a kan hannuwana kamar wanda malami ya hora.

Ɗari. Na biyu ma ɗari. Na uku ya gama ƙarfe tara saura. Na kashe komai na fita waje, na ga mutane suna ta harkokinsu, ana sauke buhunan hatsi.

Talata, 20 ga Agusta

Amsa ta zo da hantsi. Ta sauko lafiya, ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

“Ɗan'uwa, sun iso, sun fito sosai. Mun duba ni da babbanmu. Kada ku kai Inna Zariya, wahala ce kawai za ta sha a hanya. Abin ya daɗe, ya kai wata shida ko fiye, ko da tun farkon watan nan na gani maganar ɗaya ce. Na rubuta magungunan da za su sauƙaƙa mata numfashi da ciwo, ga su a ƙasa. Ku bar ta a ɗakinta. Na nemi hutu, ina tafe ranar Asabar in Allah ya so. Ka zauna kusa da ita kafin in iso.”

Ban gaya masa kwanakin da na ɓata ba, amma ya san ni tun muna rarrafe. Wannan layin na tsakiya, na cewa ko da ya gani da wuri maganar ɗaya ce, saboda ni ya sa shi. Ban sani ba ko gaskiya ne ko tausayina ya ji, kuma ba zan taɓa tambayarsa ba.

Na buga takardar magungunan. Na yi kuka a bayan injin buga takardu inda ba a hango ni daga titi.

Alhamis, 22 ga Agusta

Badarawa. Jiya na zo da magani da jakar kayana. Makullin shago yana wurin Bara'atu, na ce in ɗalibai sun zo a ce musu ba na nan. Ta tambaye ni sai yaushe, na ce ban sani ba. Ta sa mini har da bargo.

Baffa Hamisu na karanta wa wasiƙar a zaure. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sannan ya ce kada a faɗa mata.

Maganin ya ɗan taimaka, ta yi barci da rana. Ina zaune a bakin gadonta ina kore mata ƙuda da mafici. Tarin yana zuwa yana tafiya. Yau ban tashi ba ko sau ɗaya, ban san dalili ba, wataƙila gajiya ce. Na ba ta kunu cokali bakwai, tana sha tana hutawa, ni kuma ina jira sai ta ɗaga ido sannan in miƙa na gaba.

Bayan la'asar ta farka ta same ni a wurin. Ta daɗe tana kallona.

“Mi Alamin ya ce?”

Na ce ya ce yana tafe ranar Asabar.

“Zariya hwa?”

Na ce ya ce a bari tukuna.

Ta rufe ido. Na zaci barci ya sake ɗaukar ta, sai na ji ta lalubo hannuna ta riƙe.

“To ashe ya gani,” in ji ta. “Injin naka ya yi aiki, Muhtari. Allah shi yi maka albarka.”

Na ce amin. Da hannu ɗaya na rubuta wannan, a kan gwiwa, don har yanzu ba ta saki ɗayan ba.